Tarihin Labaran Daba da Caca a Ƙagaggun Littattafan Matasa: Waiwaye Daga Ƙasar Kazaure

1.0 Gabatarwa

A 'yan shekarun nan malaman makarantu da iyayen yara a Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura suna yawan kokawa game da irin labaran da matasa ke karantawa, ko suke saurare a wayoyinsu. Labarai ne na wasu birane da babu su a duniya, cike da matsafa da aljannu da gidajen caca da gungun 'yan daba, inda jarumin labarin kansa ɓarawo ne ko shugaban ɓarayi. Da yawa daga cikin dattawanmu suna ganin wannan baƙon abu ne da wayar hannu ta shigo mana da shi, don haka maganinsa shi ne a ƙwace a hana.

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa irin wannan labari ya daɗe a adabin Hausa, kuma yana da saiwa a cikin tarihinmu, wato tarihin yaron ƙauye da ke barin gida ya tafi birni neman abin kansa. Zan bi diddigin al'amarin tun daga tatsuniya har zuwa littattafan ƙasashen waje na wannan zamani, sa'an nan in faɗi abin da nake ganin ya kamata malami da uba su yi.

2.0 Ƙasarmu da Hanyar Birni

Masarautar Kazaure ta kafu ne a shekarar 1819 a ƙarƙashin Ibrahim Ɗantunku, kuma ɗansa Dambo shi ne ya mayar da garin Kazaure fadar mulki. A yau ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi su ne ke ƙarƙashinta, ita kuwa Babura, wadda ta yi iyaka da Jamhuriyar Nijar, tana ƙarƙashin masarautar Ringim. Dukkan wannan yanki yana cikin Lardin Kano a zamanin Turawa, ya kasance cikin Jihar Kano daga 1967, har zuwa ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa.

Abin lura a nan shi ne, ƙasarmu ƙasar noma da kiwo ce mai damina guda. Da zarar an gama kaka an kai amfani rumbu, samari sukan kama hanyar Daura zuwa Kano su tafi ci-rani: wasu dako, wasu ga-ruwa, wasu yankan farce ko wankin takalmi, wasu kuma almajiranci. Farin shekarun 1973 da 1984 ya ƙara yawan masu tafiya, ya kuma sa wasunsu ba su dawo ba ko da damina ta faɗi. Saboda haka babu wani gida a wannan yanki da bai san labarin birni ba. Akwai wanda ya tafi ya dawo da keke da rediyo, akwai kuma wanda ya tafi aka daina jin ɗuriyarsa. Wannan kwaɗayi da wannan tsoro, su ne ƙashin bayan duk labaran da za mu duba.

3.0 Asalin Daba da Caca

Kafin a shiga littattafai, ya dace a san ainihin abin da suke ba da labarinsa. Masana tarihin Kano sun danganta asalin daba da farauta da tauri. A da, mafarauta da 'yan tauri mutane ne masu matsayi a gari: suna da shugabanni, suna da makaɗa, suna da wuraren da suke taruwa, kuma su ake nema in an shiga halin tsoro. Ko a nan gida, tarihin baka ya nuna cewa wani maharbi ne ya fara zama a wurin da ya zama garin Kazaure.

Siyasar jam'iyyu ce ta sauya wa wannan jarunta alƙibla. Bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, da gwagwarmayar da ta biyo baya tsakaninta da NPC, sai kowane ɓangare ya shiga neman ƙarfafan samari don kare taronsa ko tarwatsa na abokin hamayya. A wannan zamani ne aka san 'yan banga, aka kuma san ƙungiyar nan da ake kira Jam'iyyar Mahaukata a Kano. A Jamhuriya ta Biyu, daga 1979 zuwa 1983, abin ya sake tashi tsakanin PRP da NPN. Tarzomar ranar 10 ga Yuli, 1981, wadda aka kashe Dakta Bala Muhammad a cikinta, ta nuna wa kowa iyakar ɓarnar da gungun matasa masu makami za su iya yi. Da aka shiga matsin tattalin arziki bayan 1986, masana'antu suka fara rufewa, sai daba ta zauna da gindinta a unguwanni, ta haɗu da shaye-shaye. Sauran garuruwa ma kowanne ya sami nasa: ƙauraye a Katsina, 'yan sara-suka a Bauci, 'yan kalare a Gombe.

Ita ma caca tsohuwar aba ce. Tun ana yin ta da wuri a bayan kasuwa, aka koma karta a tasha da gidajen mata masu zaman kansu, har aka zo ga cacar ƙwallon ƙafa. Addinin Musulunci ya haramta ta a Suratul Ma'ida, aya ta 90, kuma dokokin Shari'a da jihohin Kano da Jigawa suka kafa a shekarar 2000 sun hana ta. Duk da haka ba ta mutu ba, sai ma ta shige cikin waya, abin da ya sa Hukumar Hisba ta Kano ta rufe shagunan cacar ƙwallo a 2024. Ke nan daba da caca suna nan a zahiri tun kafin marubuci ya ɗauki alƙalami.

4.0 Daga Tatsuniya Zuwa Littafi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san Gizo. Ba shi da ƙarfin Zaki ko na Giwa, amma da wayo da ƙarya da cuta yake cin galaba a kansu. Kakanninmu mata ne suka riƙa ba mu labarinsa da dare, muna dariya muna goyon bayansa, ba kuma wanda ya ce sun lalata mu. Dalili kuwa shi ne, mai ba da labarin tana zaune tare da mu, tana nuna mana inda wayon Gizo ya cece shi, da inda zarinsa ya kai shi ya baro. Haka nan a fagen waƙa an yi makaɗa irin su Kassu Zurmi da ya yi wa 'yan tauri da mafarauta kiɗa, da Muhammadu Gambo da ya shahara da waƙar ɓarayi. Al'ummarmu ba ta taɓa ɓoye cewa akwai ɓarawo ba.

Da rubutun boko ya zo, sai wannan gado ya shiga takarda. A 1933 Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, aka fara buga waɗanda suka yi nasara daga 1934. Cikin littattafai biyar da gasar ta haifar, uku sun shafi batunmu kai tsaye. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yawo gari-gari suna shirya wa juna makirci, suna damfarar mutane, har tafiyar ta kai ga duniyar aljannu. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarawo ne. Shi kuwa Jiki Magayi, wanda John Tafida ya rubuta tare da East, ya kawo labarin yaro Kyauta, wanda aka yi wa asiri saboda gabar da ke tsakanin manya, ya tashi ɓarawo, ya bar gida ya shiga duniya, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa ba da sani ba. A nan ga sihiri, ga sata, ga yaron da ya ɓata a bariki, duk a littafi guda da aka yi shekara da shekaru ana karantarwa a makarantunmu.

A farkon shekarun 1950 an sami Da'u Fataken Dare na Tanko Zango, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna abin da ya ƙunsa, domin fataken dare su ne ɓarayi. An kuma sami Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda asalinsa labarin wani jarumin ƙasar Rasha ne aka yi masa riga da wando na Hausa. Wannan ya nuna cewa aro daga adabin wasu ƙasashe ma ba yau aka fara shi ba. Tun a 1924 aka buga fassarar Dare Dubu da Ɗaya, kuma Magana Jari Ce, da ya fito a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa.

5.0 Lokacin da Birnin Labari Ya Zama Birnin Gaske

Littattafan farko sun fi kai mai karatu wasu garuruwa masu nisa ko na ƙage. Amma bayan yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, da kuɗin man fetur da ya biyo baya, sai marubuta suka juyo da idonsu ga biranen da muka sani. A ƙarshen shekarun 1970 Abdulƙadir Ɗangambo ya fitar da Kitsen Rogo, labarin saurayin da ya raina zaman ƙauye ya gudu birni, ya faɗa hannun miyagun abokai. A ganina babu littafin da ya fi wannan kusa da rayuwar yankinmu, domin kuwa hanyar da wannan saurayi ya bi ita ce hanyar da 'yan ci-raninmu ke bi kowace shekara.

A 1982 aka buga littattafan da suka ci gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya. Daga cikinsu akwai Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, wanda ya yi magana a kan fasa-ƙwauri, sana'ar da mutanen bakin iyaka irin na Babura ba sa buƙatar a yi musu bayaninta. Akwai kuma Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare, labarin Mailoma, tsohon soja wanda ya kafa ƙungiyar miyagu bayan yaƙi. Wannan littafi ya shiga cikin gungun masu laifi ya nuna yadda suke ɗaukar mutane aiki, da yadda suke cin amanar juna, da yadda abin yake ƙarewa.

Idan aka lura da sunayen waɗannan littattafai, za a ga kusan dukkansu karin magana ne na gargaɗi: jiki magayi, kitsen rogo, ƙarshen alewa ƙasa. Tun daga bango marubucin ya riga ya yanke hukunci. Yana kallon ɓarawo ne da idon dattijo, yana cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

6.0 Adabin Kasuwar Kano da Ƙona Littattafai

Daga tsakiyar shekarun 1980, da kamfanonin ɗab'i suka ja baya saboda tsadar takarda, sai matasa suka fara buga littattafansu da kuɗinsu suna kai wa kasuwa. Wannan shi ne abin da aka laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. An fi saninsa da soyayya, kamar In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino da ya fito a 1991, amma yana da wani reshe da samari suka fi so, wato littattafan yaƙi da na bincike. Marubuta irin su Abdul'aziz Sani Madakin Gini da Nazir Adam Salih sun cika littattafansu da sadaukai da bokaye da aljannu da biranen tsafi. Irin waɗannan littattafai sun iso garuruwanmu ta hannun 'yan kasuwa da 'yan ci-rani, ana saye, ana haya, ana aro, har littafi ya yage.

Hukuma ba ta zura ido ba. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Finafinai da Ɗab'i ta Jihar Kano. A 2007, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai, a bainar jama'a. A 2021 kuma hukumar tacewa ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Ba na shakkar kyakkyawar niyyar waɗanda suka ɗauki waɗannan matakai, amma tarihi ya nuna mana sakamakon. Wayar hannu da ta shigo Nijeriya a 2001 ta girma ta zama ɗakin karatu. Labaran da aka kora daga kasuwa suka koma WhatsApp da Facebook da YouTube, inda ba edita, ba malami, ba mai gyara. A da uba yana iya ganin littafi a ƙarƙashin filon ɗansa ya buɗe ya duba. Yanzu kuwa ko sunan labarin bai sani ba.

7.0 Irin Na Ƙasashen Waje

Su ma Turawa sun bi wannan hanya. Tun a 1838 Charles Dickens ya fitar da Oliver Twist, labarin maraya da ya isa Landan ya faɗa hannun wani tsoho mai koya wa yara yankan aljihu. A wannan zamani kuwa, marubutan Amurka sun haɗa irin wannan labari da sihiri, suka yi shi musamman domin matasa. Wanda ya fi shahara shi ne Six of Crows na Leigh Bardugo, da ya fito a 2015, aka kuma sanya taurarinsa a wani fim mai dogon zango na kamfanin Netflix a 2021. Akwai kuma Ace of Shades na Amanda Foody, na 2018, inda wata yarinya ta shiga birnin gidajen caca neman mahaifiyarta da ta ɓace.

Ya dace malamai su san abin da ke cikin na farkon. Birnin labarin, Ketterdam, an ƙaga shi ne bisa siffar Amstadam ta ƙasar Holan, birnin fatauci da kuɗi ke mulki. Jarumin, Kaz Brekker, yaro ne ɗan shekara 17 mai jan ragamar wata daba da ke da gidan caca. An ɗauke shi haya tare da abokansa biyar su sato wani masani daga kurkukun wata ƙasa, saboda ya haɗa wata ƙwaya mai ƙara wa masu baiwar sihiri ƙarfi, amma wadda in an sha sau ɗaya ba a iya bari. To, amma daga ina Kaz ya fito? Ɗan manomi ne. Da mahaifinsu ya rasu, shi da wansa suka sayar da gona suka tafi birni, wani ɗan damfara ya cinye kuɗin, annoba ta kashe wan, aka bar shi a titi. Wani daga cikin abokansa ma ɗan manomi ne da aka tura birni karatu, caca ta cinye shi, har ta jefa gonar ubansa cikin bashi.

Duk mutumin Gwiwa ko Roni da ya ji wannan zai ce ai ya san labarin. In aka cire jiragen ruwa da dusar ƙanƙara, Kitsen Rogo ne. Bambancin da ke akwai guda ɗaya ne, amma babba ne. Littattafanmu na da suna kallon yaron daga waje, suna yi masa hukunci. Na yanzu kuwa suna shiga zuciyarsa, suna nuna dalilin da ya sa ya zama abin da ya zama, kuma sau da yawa sai a rufe littafi bai gamu da hukunci ba. Wannan ne ya sa matasa ke son su, domin suna jin an fahimce su. Wannan ne kuma hatsarinsu, domin yaro zai iya ganin kwarjinin shugaban daba ya manta da gawar wansa.

8.0 Abin da Ya Rage ga Malami da Uba

Bisa ga abin da ya gabata, ina ba da shawarwari kamar haka. Na farko, malami ya karanta abin da ɗalibansa ke karantawa. Wanda bai san labari ba, ba zai iya gyara fahimtar yaro a kansa ba.

Na biyu, a haɗa tsoho da sabo a aji. A sa ɗalibai su kwatanta Kyauta da Mailoma da jaruman da suke so a yau, a yi musu tambayoyi: me ya fitar da wannan yaro daga gida? Wa ya fara cutarsa? Wa ke cin ribar dabar da yake yi? Wa ya yi asara? Ɗalibin da ya saba da waɗannan tambayoyi zai yi su ranar da wani ɗan siyasa ya miƙo masa kuɗi da gora.

Na uku, a koyar da tarihin daba kamar yadda ake koyar da tarihin sarakuna. Yaro ya san cewa jaruntar maharbi ta kare gari ce, kuma waɗanda suka mayar da ita ta sara da suka ba 'ya'yansu suka tura ba.

Na huɗu, malamin lissafi ya shigo cikin maganar caca. A labari jarumi yakan ci wasan ƙarshe, domin marubuci ne ke raba karta. A zahiri kuwa an tsara kowace caca ne yadda mai gidan zai fita da riba, ko wa ya ci. Ana iya nuna wannan a allo da misalin kwabo: in za a biya ka ƙasa da ninkin kuɗinka a kan abin da yiwuwarsa rabi da rabi ce, to duk daɗewar da ka yi kana wasa, asararka ƙaruwa take yi.

Na biyar, a ƙarfafa wa matasanmu su rubuta nasu. Muna da duwatsun Kazaure da Roni, muna da tarihin Ɗantunku da Dambo, muna da hanyoyin fatake da bakin iyaka, muna da labaran 'yan ci-rani a bakin dattawa. Makarantun sakandare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu za su iya shirya gasa irin wadda ta haifar da Ruwan Bagaja, a kuma ajiye tsofaffin littattafan a ɗakunan karatu inda hannun yaro zai kai.

9.0 Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta nuna cewa labarin birni mai haɗari da gungun ɓarayi da sihiri ya ratso ta tatsuniya, ya shiga littafi a 1934, ya sauka a biranenmu na gaske bayan yaƙin basasa, ya bi kasuwa a shekarun 1990, yau kuma yana cikin waya da Hausa da Turanci. Ya daɗe ne saboda abin da ya haife shi bai kau ba: har gobe samarinmu suna hawa mota zuwa Kano da ma gaba da Kano, kuma gara yaro ya fara gamuwa da ɗan damfara a takarda kafin ya gamu da shi a tasha. Abin da ya ɓace mana shi ne kakar nan da ke zaune a gefe tana fayyace wa yara wayon Gizo da wautarsa. Wannan gurbi malamai da iyaye ne za su cike shi, tun icce yana ɗanye. Allah ya shirya mana zuriya, ya sa mu gama lafiya.